WANKE CIKIN INJI DA SINADARI: ABIN DA YA KAMATA MANOMI YA SANI KAFIN YA ZUBA

Gabatarwa

Noman zamani ba ya tafiya sai da inji. Akwai motar a-kori-kura da ke kwaso amfanin gona daga Dass, ko Liman Katagum, ko Darazo zuwa kasuwar Muda Lawal. Akwai tarakta, da injin ban ruwa, da injin niƙa, da babur ɗin da malamin gona ke zagaya ƙauyuka da shi. Garin Bauchi ya daɗe da sanin waɗannan injuna. A nan ne aka kafa kamfanin Steyr mai haɗa taraktoci da manyan motoci a ƙarshen shekarun 1970, kuma tun da aka fara shirin Fadama a farkon shekarun 1990, ƙananan injunan ban ruwa suka bazu a fadamun jihar.

Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin baƙin mai da na kayan gyara ya ɗaga ƙwarai. Wannan ya sa mutane da yawa suna jinkirta juyen mai. Idan inji ya soma nauyi kuwa, sai a ba su shawarar sayen wata 'yar kwalba da ake cewa tana wanke cikin inji tas cikin minti goma. Wani bakaniken ma kananzir ko man gas zai zuba maka, ya ce aikinsu ɗaya.

Wannan bayani zai nuna maka yadda dauɗa ke taruwa a cikin inji, da abin da waɗannan sinadarai ke iya yi, da inda suke jawo hasara, domin kada garin neman gira ka rasa ido a tsakiyar noman rani ko lokacin kwasar kaka.

Yadda dauɗa ke taruwa a cikin inji

Idan ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai na motar da ba a kula da ita, za ka ga wata baƙar laka mai kama da kwalta ta manne a jikin ƙarfe. Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su haifar da ita.

Na farko zafi. Baƙin mai yana dahuwa idan ya daɗe cikin zafi, ya yi kauri, ya soma daskarewa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, motar da aka labta wa kaya tana hawan tudun hanyar Jos tana dafa manta fiye da ƙima.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na cika sararin sama, hanyoyin gona kuma ƙura ce zalla. Duk ƙurar da ta tsallake filtar iska tana ƙarewa a cikin mai, ta riƙa goge ƙarfe kamar yashi.

Na uku ruwa. Duk lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana fitar da tururin ruwa kusan lita ɗaya. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma kaɗan yana ratsa zoben fistin ya sauka cikin mai. Idan inji ya yi tafiya mai nisa ya ɗauki zafi sosai, ruwan zai ƙafe. Motar da aikinta bai wuce daga Wunti zuwa Muda Lawal a kashe ba, musamman da sanyin safiyar hunturu, ba ta samun wannan zarafi.

Na huɗu kunkunniya da ragowar man da bai ƙone ba. Wannan ya fi yawa a injin gas, kuma yana ƙaruwa idan man yana ɗauke da farar wuta mai yawa, domin ita ce ke haɗuwa da ruwa ta zama tsami mai cin ƙarfe.

Baƙin mai da kansa sabulu ne

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, baƙin mai mai inganci ya riga ya zo da sinadaran wanki a cikinsa. Akwai masu kankare dauɗa daga jikin ƙarfe su kuma kashe tsami, akwai masu riƙe ƙananan ɓarɓashi su hana su dunƙulewa, har ranar da za a yi juye su fita tare da tsohon mai. Saboda haka idan ka ga mai ya yi baƙi bayan ɗan aiki, musamman a injin gas, alama ce ta yana ɗauke dauɗa.

Amma waɗannan sinadarai suna ƙarewa, kamar yadda sabulu ke ƙarewa a ruwan wanki. Da zarar sun ƙare, dauɗar da mai ke ɗauke da ita sai ta kwanta. Ƙara sabon mai a kan tsoho ba ya maye gurbin juye. Haka nan man awo da ake sayarwa a cikin gorar ruwa a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, sau da yawa ɗanyen mai ne da ba a haɗa shi da sinadarin komai ba, ko tsohon mai da aka tace. Santsinsa a hannu ba shaida ba ce. Araha ba ta ado.

Ire-iren magungunan da ake sayarwa

Kafin ka sayi kwalba, ka san irin wadda ke hannunka, domin zuba wata a gurbin wata ɓarna ce.

1. Na wanke hanyar baƙin mai. Ana zuba shi cikin tsohon mai dab da juye, a bar inji a silo na ɗan lokaci, sannan a zubar gaba ɗaya. Wasu masu narkarwa ne masu ƙarfi dangin kananzir, wasu kuma sinadaran wanki ne masu taushi a cikin mai mara kauri.

2. Na wanke hanyar fetur ko gas. Ana zuba shi cikin tanki, ya bi mai ya wanke bakin nozul da kan bawul.

3. Na fesawa a kafireta ko maƙogwaron inji. Wannan na wanke ƙarfen da aka kwance ne.

4. Masu kaurara mai, waɗanda ake cewa suna tsayar da hayaƙi. Waɗannan ba sa wanke komai. Suna ɓoye alamar cuta ne na ɗan lokaci.

Inda haɗarin yake

A ƙasan inji akwai kwanon da baƙin mai ke taruwa. A cikinsa akwai bututu mai rariya a baki, ta nan famfo ke zuƙo mai ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa metal, da kiranshaf, da saman inji. Tazarar da ke tsakanin metal da kiranshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma siririn man da ke wannan tazara shi kaɗai ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Ka tuna yadda ake yasar kwata. Idan ka kankaro lakar da ta shekara ka tura ta gaba ɗaya, a bakin magudana za ta taru ta toshe. Haka sinadari mai ƙarfi ke yi a injin da dauɗa ta yi wa katutu. Ba ya narkar da ita duka cikin minti goma, ɓamɓaro ta yake yi gunduwa-gunduwa, ta sauka ta liƙe a rariyar famfo. Wani lokaci ba a ranar abin zai bayyana ba, sai bayan kwana biyu kana kan hanyar Ningi da kaya, fitilar mai ta kama, kafin ka gangara gefe inji ya buga.

Haɗari na biyu shi ne tsinkewar mai. Kananzir da gas suna tsinka baƙin mai ya zama kamar ruwa, ya kasa raba ƙarafa. Kuma ba a taɓa juye mai ya fita duka. Wani yana maƙalewa a lunguna, ya gauraya da sabon man da ka saya da tsada ya rage masa ƙarfi.

Na uku yoyo. A tsohon inji, robobin da ke tare mai sun bushe, wani wurin dauɗar ce ma ta toshe kafar. Idan aka wanke sai ɗiga ta fara. Sinadari mai kaifi kuma yana iya ƙara lalata robar.

Fetur kuwa kada ka yarda a zuba shi cikin baƙin mai ko kaɗan. Tururinsa na iya kamawa da wuta a cikin inji.

Darasi daga ƙasashen da ake ƙera motocin

Ba a ƙasarmu kaɗai ake fama da wannan laka ba. A Amurka, masu wasu motocin Toyota da aka ƙera tsakanin 1997 da 2002, ciki har da Camry da Sienna, sun yi ta kukan laka tana kashe musu inji. Kamfanin ya tsawaita lamunin gyaran waɗannan injuna zuwa shekara takwas, kuma a 2007 aka sasanta wata shari'a da ta shafi motoci sama da miliyan uku. Irin waɗannan motoci da yawa sun shigo Nijeriya a matsayin na hannu, suna kuma aiki a tashoshinmu. Idan kana da irinsu, ka ƙara kiyaye lokacin juye.

Manyan kamfanoni irin su General Motors da Honda sun sanar da garejinsu cewa wanke cikin inji da sinadari ba ya cikin hidimar da suka tsara wa motocinsu. Abin da suka nanata shi ne mai mai kyau da juye a kan kari. Haka kuma a 1997 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana masu sayar da wani sanannen maganin inji mai suna Slick 50 yin tallan da ba su da hujjarsa. Rubutu mai daɗi a jikin kwalba, ko da daga Turai ta zo, ba gwaji ba ne.

Duba kafin ka yanke shawara

Da safe kafin a tayar da mota, zaro sandar awon mai ka murza man tsakanin yatsu. Sannan buɗe murfin mai ka haska ciki da tocila. Abin da ka gani zai faɗa cikin ɗaya daga waɗannan:

(a) Ƙarfe a fili, ko da ɗan launin ruwan zuma. Injinka lafiya lau. Ba ya buƙatar wanki. Kuɗin kwalbar ka ƙara ka sayi filta mai kyau.

(b) Siririyar baƙar dauɗa mai laushi wadda yatsa ke sharewa. Hanya mafi aminci ita ce juye a jere. Zuba mai mai inganci da sabuwar filta, ka juye bayan kilomita 1,000 zuwa 1,500, ka maimaita sau biyu ko uku. Sabon mai zai kwashe dauɗar sannu a hankali, filta tana tarewa. A wannan mataki ne kaɗai maganin wanki mai taushi ke iya amfani, idan an bi ƙa'ida.

(c) Laka mai kauri, ko busasshiya mai ɓarewa kamar gawayi. Kada ka zuba komai. A kai wa bakanike ya kwance murfin sama da kwanon ƙasa, ya kankare da hannu, ya wanke rariyar famfo, ya duba bututun da inji ke numfashi ta ciki, ya sa sabon gasket. Aikin wuni guda ne, kuma bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba.

(d) Mai ya koma kamar madara ko kunun gyaɗa. Idan ya cika sandar awo, ruwan lagireto kuma yana raguwa, ruwa ne ke shiga mai, galibi ta gasket ɗin kan inji. Wannan gyara yake so.

Haka nan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, da shan mai, da ƙarar ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, yawanci alamun ƙarfe ne da ya cinye. Babu ruwan kwalbar da ke mayar da ƙarfen da ya goge.

Idan har za a yi wankin

Idan injinka na cikin rukuni na (b), kuma littafin motar bai hana ba, bi waɗannan matakai:

1. Sayi maganin a shagon da aka sani, da murfinsa a liƙe, da sunan kamfani da umarni a jiki.
2. Tanadi sabon mai da sabuwar filta tun kafin a fara.
3. Tayar da inji ya ɗauki zafi, sannan a kashe.
4. Zuba gwargwadon da aka rubuta. Ƙari ba ya ƙara tsafta.
5. Tayar ka bar shi a silo iyakar mintocin da aka rubuta, galibi 10 zuwa 15. Kada a taka totur, kada a tuƙa motar.
6. Idonka na kan fitilar mai. Idan ta kama, ko ƙarar inji ta sauya, kashe nan take.
7. Juye man da zafinsa, a bar shi ya tsane sosai, a sauya filta.
8. Zuba sabon mai, ka duba yoyo. Juyen da zai biyo baya a yi shi da wuri.

A yi wannan aiki a fili. Hayaƙin salansa a rufaffen wuri yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Injunan da ba a yi wa wannan wanki

Injin ban ruwa da ƙaramin janareta. Irin su Honda GX160 da masu kama da shi ba su da famfon mai, ba su da filtar mai. Wani ɗan ludayi ne a jikin sandar fistin ke watsa man. Duk dauɗar da aka ɓamɓaro ba abin da zai tare ta. Man da yake ci bai wuce kashi shida cikin goma na lita ba. Kamfanin ya ce a yi juyen farko bayan awa 20, sannan duk bayan awa 100. Idan kana tayar da shi awa biyar kullum, awa 100 kwana 20 ke nan. A noman rani na wata huɗu juye shida ne, kuma galan ɗaya mai lita huɗu ya ishe ka. Ka auna wannan da hasarar kadadar tumatir ko albasa da ta rasa ruwa mako guda tana tsakiyar fure.

Babur. A yawancin baburanmu, kuloci da giya suna wanka a cikin man inji ɗaya. Sinadarin da ya jiƙa fatar kuloci yana iya sa ta riƙa zamewa. Nemi man da aka rubuta JASO MA a jikinsa.

Tarakta da duk inji mai tabo. Hanyar da ke kai mai ga tabo siririya ce, shi kuma yana juyawa da gudun da ba ya jure rashin mai ko na ɗan lokaci. Bi awon awa da ke littafin taraktar. Da yawa suna neman juye a wajen awa 250, kuma aikin huɗa cikin ƙura yana neman a rage.

Sabon inji mai lamunin kamfani. Zuba abin da ba su amince da shi ba na iya soke lamunin.

Maganin hanyar fetur da gas

Wannan haɗarinsa bai kai na farko ba, kuma mai kyau daga cikinsa yana rage dauɗar bakin nozul a motar da ke fizga ko cin mai. Zuba shi bisa adadin litar da aka rubuta. Sai dai ba ya gyara gurɓataccen mai. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci da dama suka lalace, har hukuma ta janye shi daga kasuwa. Maganin irin wannan shi ne a zubar da abin da ke tanki, a sauya filta.

Ga injin ban ruwa, mafi yawan matsalar kafireta daga fetur ɗin da aka bari ya kwana watanni take, ya bushe ya zama ƙaro. Idan damina ta sauka za ka ajiye inji, rufe makunnin mai ka bar shi ya ci har ya mutu da kansa, ka zubar da na cikin kofin kafireta. Man gas kuwa a bar shi ya kwana a duro kafin a ɗiba, a ɗiba daga sama, kuma a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar tarakta. Man 'yan bumburutu a tace shi da kyalle mai tsafta idan ya zama dole.

Yadda za ka hana dauɗar tun farko

Yanayin Bauchi, da ƙurarsa da zafinsa da lodinsa, shi ne abin da littattafan motoci ke kira aiki mai tsanani. A irin wannan hali da yawa suna neman juye a kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Sauya filta a kowane juye. Duba filtar iska kowane mako lokacin hazo. Kada a cire abin daidaita zafin ruwan inji, domin injin da ba ya ɗaukar zafi yadda ya kamata yana tara ruwa a mai.

Wajen sayen mai, duba kauri, kamar 15W-40 ko 20W-50 ko 5W-30, ka bi wanda littafin injinka ya ce. Duba kuma alamar API: harafin S na injin fetur ne, C na injin gas. Nemi tambarin hukumar SON, ka tabbatar murfi bai taɓa buɗuwa ba. Idan galan ya ƙare, huda shi, domin da irinsa masu jabu ke yin ɗuri.

Tsohon mai guba ne

Man da aka juye, musamman wanda ya haɗu da sinadarin wanki, kada a zubar da shi a kwata, ko gona, ko kusa da rijiya da kududdufi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na iya ɓata ruwan sha galan miliyan guda. Kada a shafa wa dabbobi don kaska ko ƙazuwa, akwai magungunan da likitan dabbobi zai ba ka. Yawan taɓa shi na cutar da fata, don haka a wanke hannu da sabulu. A tara shi a jarka mai murfi nesa da yara, a kai gareji, kuma kada a sake zuba ruwa ko man girki a irin wannan jarka.

Ga malaman gona

Malam, idan ka je taron ƙungiyar manoman rani, ka tafi da galan na gaske da sandar awo, ka nuna musu da ido. Ka sa kowane mai inji ya ajiye ɗan littafi, ko ya riƙa yin zane da alli a bango, yana ƙirga awannin aiki da ranar juye. Ƙungiya na iya haɗa kuɗi ta sayi mai daga dila na ainihi ta raba wa 'ya'yanta. Mafi dacewar lokacin wannan faɗakarwa shi ne Oktoba, kafin a fitar da injunan ban ruwa, da Afrilu, kafin taraktoci su shiga huɗa. Idan abu ya shige maka duhu, tuntuɓi sashen injiniyoyi na hukumar BSADP, ko masana aikin injiniyan gona na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa.

Kammalawa

Maganin wanke inji yana da ɗan gurbinsa, amma gurbin ƙarami ne. Inji mai tsafta ba ya buƙatarsa, inji mai katutun dauɗa kuma yana iya mutuwa a dalilinsa. Haska cikin injinka kafin ka zuba komai. Sayi mai na gaske, sauya filta, kiyaye filtar iska, ka rubuta ranar juye. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina da rani masu albarka, amin.